Na'urar taimaka wa numfashi: ina amfanin binciken kwamfuta ga mutumin Marnona?

Idan numfashin majinyaci ya gaza a Marnona, ko Wurno, ko Rabah, ko Goronyo, akasari sai an garzaya da shi birnin Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke da sashen kula da waɗanda ke cikin mawuyacin hali. A irin wannan sashe ne ake ɗora mutum kan na'urar taimaka wa numfashi.

To sai dai na'urar kanta tana iya yin illa. Tura iska take yi cikin huhu da ƙarfi, kuma idan iskar ta wuce kima takan raunata huhun da ake neman ceto.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2000, kan majinyata 861, ya nuna cewa rage iskar daga mililita 12 zuwa 6 ga kowane kilo na nauyin da ya dace da tsayin mutum ya rage mace-mace daga kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa kashi 31.

Ke nan saitin na'urar na iya raba rai da mutuwa. Shi ya sa masana a jami'o'in Nottingham da Warwick na Ingila suka tsara huhun kwaikwayo a kwamfuta, suna gwada saiti iri-iri ba tare da jefa ran kowa cikin haɗari ba. Da irin wannan dabara ake auna sababbin tsare-tsare, kamar wanda na'ura ke jiran majinyaci ya fara jan numfashi, sannan ta agaza masa gwargwadon ƙoƙarinsa.

Lokacin annobar korona, Amurka ta bai wa Nijeriya na'urori 200 a watan Agustan 2020. Amma na'ura ba ta aiki sai da wutar lantarki tsayayya, da iskar oksijin, da ma'aikacin da ya san sarrafa ta dare da rana.

A nan ne huhun kwamfuta zai fi amfanar Sakkwato: likita ko ma'aikaciyar jinya za su iya koyon saiti, su yi kuskure su gyara, kafin su taɓa majinyaci.

Amma duk wannan ba zai ceci mutumin Marnona ba sai ya isa asibitin da rai. A yankin da hare-haren 'yan bindiga suka sa tafiyar dare ta zama kasada, motar ɗaukar marasa lafiya mai tukunyar oksijin ita ce matakin farko.