Faɗakarwa a kan Nisan Kano da Jidda da Sallar Matafiyi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku malamai da almajirai na Samaru da Sabon Gari, wata magana ta yaɗu tsakanin maniyyata, wai mai tafiya Makka a jirgin sama ba ya ƙasaru, don bai sha wahala ba. Wannan kuskure ne.

Ku sani tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Jidda kamar kilomita 3,400 ne, jirgi yana yanke shi cikin sa'a biyar ko ƙasa kaɗan. Kakanninmu sun bi ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, da ƙafa da jaki, wani shekaru, wani can aka binne shi, Allah ya jiƙansu. Amma malamai ba su rataya hukunci ga gajiya ba, ga nisa suka rataya shi. Mai Risala ya iyakance shi da baridi huɗu, watau mil 48. Zariya zuwa Kano ma ta wuce haka. Saboda haka da ka bar gidajen gari ƙasaru ta zama sunna gare ka, tun ba ka ga jirgin ba.

Sa'a kuwa ba abin dogara ba ce. A 2023 da yaƙi ya rufe sararin Sudan, jiragen alhazai suka riƙa kewayawa, tafiya ta ƙara tsawo. Shin hukunci zai riƙa sākewa da kowane kewaye?

Abin da ya fi tsorata ni shi ne lokaci. Agogon Jidda yana gaban namu da sa'a 2. Wanda ya tashi Kano ƙarfe 1 na rana, ƙarfe 8 na dare zai sauka can. La'asar da Magariba sun shige yana ɗaure a kujera, yana duban agogon hannunsa yana cewa da saura. Na ji alhajin da bai farga ba sai da ya ji kiran Lisha. To idan rana ta yi zawali kana ƙasa, ka haɗa Azahar da La'asar kafin ka hau, raka'a biyu biyu. Magariba ka haɗa ta da Lisha in ka sauka. Idan kuwa ka isa Madina da niyyar zaman kwana huɗu cikakku ko fiye, ƙasaru ta yanke, sai cikawa.

Tun 1964 makarantar koyon tuƙin jirgi take nan Zariya, yaranmu suna ganin jiragenta bisa kansu kullum, ba su san hukuncin sallar wanda ke ciki ba. Ina roƙon kowane malami mai zaure ya karantar da babin sallar matafiyi kafin jirgin farko na bana ya tashi, kuma ya tambayi kowane maniyyaci ƙarfe nawa aka rubuta masa.

Wassalamu.