Sharhi: Iyaye sun tara kuɗin bincike, yanzu kuma suna barar kuɗin magani

Sau ɗaya a shekara, yawanci a farkon watan Disamba, gidan talabijin na gwamnatin Faransa kan shafe kimanin sa'o'i 30 yana watsa wani shiri na neman taimako da ake kira Téléthon. A garuruwa da ƙauyuka, masu aikin sa-kai fiye da dubu 200 kan sayar da abinci, su shirya tsere da wasanni, su zaga da akwatunan tara kuɗi. A shekarar 2023 abin da aka tara ya haura euro miliyan 90.

Kuɗin na shiga asusun wata ƙungiya mai suna AFM, wadda marasa lafiya da iyayensu ne kaɗai ke zama a majalisar gudanarwarta. Aikinta shi ne yaƙi da cututtukan gado masu shanye tsoka, waɗanda ba kasafai ake samun su ba.

Babu mai musun cewa wannan gidauniya ta yi nasara. Tambayar da ake yi a yanzu ita ce: hannun wa nasarar ta koma?

Marayun cututtuka

A Tarayyar Turai, ana lasafta cuta cikin waɗanda ba kasafai ake gani ba idan ba ta shafi fiye da mutum ɗaya cikin 2,000 ba. A Amurka kuwa, idan masu ita ba su kai 200,000 ba. An san irin waɗannan cututtuka fiye da 6,000, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na gado ne. Kowace ɗaya masu fama da ita kaɗan ne, amma idan aka haɗa su wuri guda, ƙiyasi ya nuna sun kai mutum miliyan 300 a duniya. Mafi yawansu har yanzu ba su da magani.

Dalilin rashin maganin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin da zai kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli wajen bincike yana son kasuwa, cutar da ke damun yara dubu biyu ko uku kuwa ba kasuwa ba ce. Shi ya sa a ƙasashen Yamma ake kiran su marayun cututtuka, wato ba su da mai ɗaukar nauyinsu.

Iyaye ne suka fara cike wannan giɓi. A shekarar 1958 wata Bafaranshiya mai suna Yolaine de Kepper, wadda huɗu daga cikin 'ya'yanta ke fama da cutar Duchenne mai lalata tsoka, ta jagoranci kafa AFM. Bayan shekaru kusan talatin, wani uba mai suna Bernard Barataud, wanda ɗansa ya rasu da wannan cuta a 1986, ya taimaka wajen aro dabarar da ɗan wasan barkwanci na Amurka Jerry Lewis ya shahara da ita, ta tara kuɗi ta talabijin. An yi Téléthon na farko a watan Disamban 1987, aka kuma samu alƙawarin sama da faran miliyan 180 na kuɗin Faransa na wancan lokacin.

Abin da ya bambanta waɗannan iyaye da sauran masu neman taimako shi ne yadda suka kashe kuɗin. Ba su tsaya ga sayen kekunan guragu da biyan kuɗin jinya ba. A 1990 suka gina nasu ɗakin bincike, Généthon, a garin Evry da ke kudu da birnin Paris, wanda daga 1992 ya fitar da wasu daga cikin taswirorin farko na ƙwayoyin halittar ɗan Adam. Mutanen da galibinsu ba su taɓa karanta kimiyya ba suka wayi gari suna ɗaukar masana aiki, suna faɗa musu inda za su mai da hankali.

Allurar dala miliyan biyu

Cutar da ta fi fito da tufka da warwarar wannan tsari ita ce wadda likitoci ke kira SMA. Tana samun kusan jariri ɗaya cikin 10,000. Jijiyoyin laka masu ba tsoka umarni ne ke mutuwa a hankali, sai yaro ya kasa riƙe wuya, ya kasa zama, daga baya haɗiya da numfashi su gagara. A nau'inta mafi tsanani, yawancin yaran da ba su sami magani ba kan rasu, ko su dogara da na'urar numfashi, kafin su cika shekara biyu.

A 1995 masu bincike a birnin Paris, ƙarƙashin Judith Melki, da tallafin AFM, suka gano ƙwayar halittar da rashinta ke haddasa cutar. Bayan shekaru goma sha biyu, wata mai bincike a Généthon, Martine Barkats, ta nuna cewa ana iya ɗora lafiyayyar ƙwayar a kan wata ƙwayar cuta mara lahani, a zuba ta cikin jini, ta isa har jijiyoyin laka. A Amurka ma, wata gidauniya da iyayen wata yarinya mai cutar suka kafa a jihar New York ta ba da kuɗin da ya taimaka aka soma gwaji a kan jarirai a asibitin yara na birnin Columbus, a jihar Ohio, a 2014.

Daga nan sai 'yan kasuwa suka shigo. Wani ƙaramin kamfani mai suna AveXis ya karɓi aikin, ya kuma sami lasisin amfani da fasahar Généthon a watan Maris na 2018. Wata ɗaya bayan haka kamfanin Novartis na ƙasar Suwizalan ya sanar da sayen AveXis kan dala biliyan 8.7. A watan Mayun 2019 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da maganin, mai suna Zolgensma, wanda ake yi sau ɗaya tak. Farashinsa: dala miliyan 2.125. A lokacin babu maganin da ya kai shi tsada a duniya. Da canjin kuɗi na 2025, ya haura naira biliyan uku.

Novartis yana da tasa hujjar, kuma ba hujjar banza ba ce. Shi ya ɗauki kasadar biliyoyin daloli, shi ya gina masana'antun da za su iya sarrafa maganin, aikin da babu wata ƙungiyar iyaye da za ta iya. Ya kuma ce allura ɗaya ta fi sauƙi a kan maganin da ya riga ta fitowa, Spinraza, wanda a lokacin ake biyan dala 750,000 a shekarar farko, sannan 375,000 kowace shekara har tsawon rayuwa. Généthon ma bai tashi a tutar babu ba, yana da kasonsa a cinikin.

Sai dai masu suka na ganin lamarin ya zama kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Binciken farko, wanda shi ne mafi haɗari domin babu tabbacin zai haifar da komai, da kuɗin jama'a da na gwamnati aka yi shi. Amma lokacin yanke farashi, ba a nemi ra'ayin waɗanda suka yi karo-karon ba. A 2021 kaɗai cinikin Zolgensma ya zarce dala biliyan ɗaya.

Bara a karo na biyu

Abin da ya biyo baya shi ne wani sabon salon neman taimako, inda kowane gida ke kafa asusun ɗansa.

A watan Satumban 2019 iyayen wata jaririya a ƙasar Beljiyam suka roƙi jama'a su aika saƙon waya na euro biyu-biyu. Cikin kwanaki kusan biyu aka haɗa euro miliyan 1.9. A Indiya, a farkon 2021, iyayen wata yarinya a birnin Mumbai suka tara rupee miliyan 160 ta intanet, sannan sai da Firaminista Narendra Modi ya yafe harajin shigo da maganin, wanda shi kaɗai ya kusa rupee miliyan 60.

A jihar Kerala, a watan Yulin 2021, wata yarinya mai cutar ta fito a wani ɗan gajeren bidiyo daga kan kekenta tana roƙon a ceci ƙanenta ɗan wata 18. Ana neman rupee miliyan 180. Abin da ya shiga asusun ya haura miliyan 460. A cikin wannan watan, a jihar guda, wani jariri ɗan wata shida ya rasu a asibiti, alhali an tara masa fiye da rupee miliyan 160, saura kaɗan kuɗin ya cika.

Labarin yaran nan biyu shi ne ainihin matsalar. Cutarsu ɗaya, jiharsu ɗaya. Abin da ya raba su shi ne lokaci, da kuma wanda labarinsa ya fi saurin yaɗuwa. Ga shi kuma maganin ba ya jira, domin jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Kowane mako da aka ɓata ana neman kuɗi, akwai abin da yaron ya rasa har abada.

Shi kansa kamfanin, da ya so ya sassauta, sai ya ƙara jawo wa kansa magana. Daga 2020 ya riƙa ba da allurai har 100 kyauta a shekara ga ƙasashen da ba a fara sayar da maganin ba, amma ta hanyar ƙuri'a. Ƙungiyoyin iyaye a Turai, har da AFM, sun yi tir da tsarin, suna cewa bai dace a mai da ran jariri abin canki-canka ba.

Inda aka huta da wannan bara shi ne inda gwamnati ta zauna da kamfanin ta yi ciniki a madadin kowa. Hukumar lafiya ta Ingila ta cimma irin wannan yarjejeniya a watan Maris na 2021, a kan rangwamen da ba a bayyana ba.

Mai baki shi ke samu

Akwai wani ƙorafin da ya girmi batun farashi. A 2009 attajirin Faransa Pierre Bergé, wanda ke shugabantar ƙungiyar yaƙi da cutar AIDS ta Sidaction, ya zargi Téléthon da cinye rabon sauran masu neman taimako ta hanyar baje kolin yara marasa lafiya a talabijin. Maganar ta ɓata wa iyaye rai matuƙa, kuma ya wuce gona da iri a yadda ya faɗe ta. Amma akwai ƙamshin gaskiya a ciki: taimakon jama'a ba ya bin girman buƙata, yana bin wanda ya iya isar da kukansa.

Misalin da ya fi kusa da mai karatu shi ne sikila. A Amurka tana cikin jerin cututtukan da ba kasafai ake samu ba, domin masu ita kimanin 100,000 ne, galibinsu baƙaƙen fata. Akwai kuma cutar CF, mai toshe huhu da majina mai kauri, wadda ta fi kama fararen fata, kuma masu ita ba su kai rabin wancan adadi ba. Iyayen masu CF sun kafa gidauniyarsu tun 1955. Ta zuba kimanin dala miliyan 150 a binciken kamfanin Vertex, amma da sharaɗin za ta sami kaso idan magani ya fito. A 2014 ta sayar da wannan kaso kan dala biliyan 3.3. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2020 ya gano cewa abin da gidauniyoyi ke kashewa a kan kowane mai CF ya ninka na mai sikila fiye da sau 70.

Ko ita wannan gidauniya mai wayo ba ta iya riƙe farashi ba: magungunan da kuɗinta ya taimaka aka samar sun fito a kan kusan dala 300,000 a shekara.

A Najeriya kuwa, inda aka ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila a kowace shekara, ba za a kira ta cutar da ba kasafai ake gani ba. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, magani na farko da ke gyara ƙwayar halittar mai sikila, a kan dala miliyan 2.2. Ga ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fitowa, wannan labari ne na wata duniya. Duk mai bin Facebook ko sauraron rediyo a arewacin ƙasar ya saba da sanarwar neman taimako ɗauke da hoton yaro da lambar asusun banki. Irin wannan taimako yana ceton rai, amma yana ƙarewa da jinyar mutum ɗaya. Darasin iyayen Faransa, idan akwai shi, yana cikin dunƙulewa wuri guda da sa kuɗi a abin da zai amfani waɗanda ba a ma haifa ba, kamar gwajin jarirai tun daga haihuwa da samar da magunguna masu araha irin su hydroxyurea. Kuskurensu kuma shi ne sakin linzami kafin a zo maganar farashi.

Sun fahimci hakan, ko da yake a makare. A 2016 AFM ta haɗa hannu da bankin zuba jari na gwamnatin Faransa, Bpifrance, suka kafa masana'anta mai suna YposKesi, da nufin sarrafa irin waɗannan magunguna a farashin da ƙungiyar ta kira na adalci. Faɗaɗa masana'antar ya buƙaci jarin da ya fi ƙarfin abin da ake tarawa a talabijin. A 2021 rukunin kamfanonin SK na Koriya ta Kudu ya sayi kashi 70 cikin ɗari na hannun jarinta.