Daga Bakin Rumfa: Dala Goma da Aka Ce Na Yi Maguɗi a Kanta

Makon jiya na yi alkawarin ci gaba da zancen kuɗin da motar albasa ke zubarwa a hanya daga Galmi zuwa Paga. Ku yi mini afuwa, wani abu ya faru a gidana da ya sa na ajiye wannan tukuna.

Ranar Talata bayan sallar isha'i ɗana na biyu ya shigo da waya a hannu, fuska a murtuke. Ya ce, "Baba, dubi zaluncin da aka yi mini." Wai wata uku ke nan yana kallon talla a wata manhaja ana tara masa kuɗi, saura ƙiris ya kai adadin da ake cirewa, sai aka rufe masa asusu. Dalili? An ce an ga asusu biyu a kan waya ɗaya. Ƙanwarsa ce ta taɓa aron wayar ta shiga nata. Ni kuwa sai dariya ta kuɓuce mini, yaro ya ji haushi, yana ganin ba'a nake masa. Na ce zauna, kaina nake yi wa dariya, don ubanka ma an taɓa kiransa mai maguɗi, kuma tun kana goye.

A shekarar 2005 ne. Lokacin muna Agbogbloshie, ba a kai ga mayar da mu Adjen Kotoku ba. Akwai wani kafe a unguwarmu ta Nima inda nake zuwa da daddare, asali don in koyi aika imel. Nan wani saurayi ya nuna mini abin da ya kira aikin zaune. Ka yi rajista a wani shafi kyauta, su riƙa turo maka wasiƙun talla, kowace wasiƙa da mahaɗi a ƙasanta. In ka danna, shafin mai talla ya buɗe, wani agogo ya fara ƙirga daƙiƙa ashirin ko talatin, in ya ƙare a rubuta maka ladanka. Ladan nan rabin senti ne, wani lokaci kwata, ranar sa'a senti guda. In ka jawo wani ya shiga ta hannunka, kana da kaso a cikin abin da ya samu. Ba a cirewa sai kuɗi ya kai dala goma, kuma da e-gold ake biya, tunda PayPal ba ta san da zamanmu a Gana ba. Shi e-gold ɗin kuɗin intanet ne da aka kafa a Amurka a 1996, ana lissafa shi da nauyin zinariya, kuma akwai 'yan canji a gari masu saye su ba ka sidi.

Ni ɗan kasuwa ne, sai da na tambayi inda kuɗin ke fitowa. Amsar ba ta da duhu. Mai talla yana biyan mai shafi don a nuna wa mutane hajarsa, mai shafi ya ɗauki nasa, ya yayyafa mana saura. Kamar ka ɗauki mai shela ne ka ce ya zaga kasuwa, shi kuma ya riƙa ba mutane alewa don su tsaya su saurare shi. Na ce to, wannan ba caca ba ce, ba riba ba ce, na shiga.

Inda gizo ke saƙar shi ne mai talla yana son ido na gaske, mu kuma ba tallar ce ta dame mu ba, agogon muke kallo. Wasu ma sun wuce nan. Akwai masu manhajar da ke buɗe wasiƙu tana dannawa da kanta suna barci. Akwai mai buɗe asusu hamsin da sunaye daban-daban, duka a ƙarƙashin nasa, yana cin kaso daga kansa zuwa kansa. In mai talla ya ga an danna sau dubbai ba wanda ya sayi ko allura, sai ya janye, shafi ya mutu. Don haka masu shafukan suka shiga kafa tarko, kuma a nan ba na ganin laifinsu. Mu ma wanda zai sayi buhun albasa ba ya yarda da na sama, sai ya zura hannu tsakiya, don ya san akwai masu ɓoye ruɓaɓɓiya a ciki.

Tarkon da ya fi cin mutane shi ne wasiƙar gwaji. A cikin wasiƙu talatin da suka zo maka, ɗaya za ta zo da kama iri ɗaya da sauran, sai dai a jikinta an rubuta cewa wannan gwaji ne, kar ka danna, wanda ya danna za a yanke masa kuɗi ko a kore shi. Hikimar ita ce manhaja ba ta karatu, komai ta gani dannawa take. Amma fa da Turanci ake rubutawa, wani sa'in a cusa gargaɗin a tsakiyar dogon bayani. Ni Turancina na kasuwa ne da na makarantar dare, ina iya tsinta a hankali. Wani abokina mai goro da na jawo, shi karatun allo ya yi, kuma ya fi ni ƙwaƙwalwar lissafi nesa, amma abin da ya sani a allon kwamfuta shi ne shuɗin layi. Sati biyu ya yi aka kore shi. Wato tarkon ba ya bambanta na'ura da mutumin da bai iya Turanci ba. In ka bi ta wajen mai talla kuma, sai ka ga da gaskiyarsa, don wanda bai iya karanta tallar ba me zai saya? Abin da ya rage shi ne me ya sa aka karɓe shi tun farko.

Bayan wannan akwai lambobi karkatattu da ake nuna maka a hoto ka zaɓi daidai kafin agogo ya tashi. Ka kuskure sau da yawa a sa maka alama. Ka buɗe talla biyu a lokaci guda don ka rage zama, laifi ne. Ka yi wata guda ba ka shiga ba, a share ka da abin da ka tara, ko da jinya ka yi ko tafiya gida. Wasiƙu masu tsoka kuwa, na senti biyu ko uku, an keɓe su ga mutanen Amurka da Kanada da Ingila. Mu sai ƙashi.

Amma wanda ya kashe mu gaba ɗaya shi ne dokar asusu ɗaya a gida ɗaya. Kowane layin intanet yana da lamba, ana ce mata IP, kamar lambar ƙofar gida. Dokar an yi ta ne da tunanin Bature mai kwamfutarsa a ɗakinsa. Mu kuwa kafe ɗaya, kwamfuta goma sha biyu, duk ta ƙofa ɗaya suke fita. A idon mai shafi, duk wanda ya zauna a wannan kafe mutum ɗaya ne mai canza riga.

Wata bakwai na yi kafin na kai dala goma da 'yan senti. Daren da na nemi a biya ni har shayi na saya wa yaron kafe. Kwana huɗu shiru. A na biyar na sa sunana aka ce babu wannan asusu. Sai ga gajeriyar wasiƙa: an gano asusu goma sha huɗu daga lamba ɗaya, an rufe su duka, kuɗin ciki ya zama na shafi, hukunci ba ɗaukaka ƙara. Cikin sha huɗun nan har da wani malamin firamare, dattijon kirki, wanda ke karanta kowace talla daga farko har ƙarshe wai don ladan ya halatta. Shi ya rubuta mana takardar koke da Turanci mai kyau, ya bayyana cewa kafe ne. Har yau ba a amsa ba.

To, a nan zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Laifi tudu ne. Cikin sha huɗun nan akwai asusun uwargida, wadda ba ta taɓa taka ƙofar kafe ba. Ni na buɗe da sunanta a ƙarƙashin nawa, nake danna nata bayan na gama nawa. A raina na ce ai matata ce, tana nan da ranta, ba ƙarya na yi ba. Ƙarya na yi. Don haka kaso ɗaya na zargin ya hau kaina daram, kuma na sha tunanin ko nawa ne ya jawo wa malamin nan. Da na ba ɗana wannan ɓangaren sai ya saki fuska, ya ce, "Ashe Baba kai ma." Na ce ni ma.

Duk da haka akwai tambayar da ta tsaya mini a wuya shekara ashirin. Lambar kafen nan ba ranar da na nemi kuɗi ta bayyana ba. Tun ranar da muka yi rajista suna ganinta. Me ya hana su ce mana a ranar farko, ku tsaya, gidanku ya cika? Sun bar mu wata bakwai muna dannawa, suna ƙirga kawunanmu suna gaya wa masu talla muna da mambobi kaza, suna karɓar kuɗi a kan kowane dannawarmu. Sai da lokacin biya ya zo aka tuna da doka. In dannawata ta bogi ce, an mayar wa mai talla kuɗinsa? Ban ji ba. A kasuwarmu in rigima ta tashi tsakanin mai kaya da dillali, akwai sarkin kasuwa, akwai dattawa, kowa ya faɗi nasa. A can kuwa wanda kake bi bashi shi ne ɗan sanda, shi ne alƙali, kuma in ya same ka da laifi shi ke gadon kuɗinka. Ban ce duk masu shafukan macuta ba ne, na san waɗanda aka biya. Amma tsarin da mai hukunci ke cin riba in ya kama ka, ba sai mutum ya zama mugu ba kafin hannunsa ya yi nauyi.

Abin kunyar ma shi ne lissafin da ban yi ba sai bayan an kore ni, ni da nake ƙirga buhu ɗari uku a ka. Dala goma a rabin senti wasiƙa dubu biyu ke nan. Kowace daƙiƙa talatin, ya kama awa goma sha shida da 'yan kai, ban da jiran layi ya buɗe, kuma layin wancan zamani kun san shi. Awa ɗaya a kafen sidi dubu shida ce ta tsohon kuɗi, kafin a yanke sifili huɗu a 2007. Awa sha bakwai ta haura dubu ɗari. Dala goma a lokacin wajen dubu casa'in ce. Wato ko da an biya ni cif, faɗuwa na yi. Mai kafe ne kawai ya ci kasuwar, Allah ya sa masa albarka, shi dai bai yaudari kowa ba.

Waɗanda aka biya ma ba duka suka tsira ba. Gwamnatin Amurka ta gurfanar da masu e-gold a 2007, suka amsa laifi a 2008, harkar ta durƙushe da kuɗin mutane a ciki. Da yawa suka koma Liberty Reserve, ita ma aka rufe ta a watan Mayun 2013.

Na yau da yaranmu ke yi a waya jikan wancan ne, sai dai ya fi kakansa haƙora. Mu lokacinmu da kuɗin kafe kawai aka ci. Ɗana kuwa, a ƙasan saƙon korar an rubuta masa cewa in yana son a buɗe asusun ya tura wani abu ta Momo a matsayin kuɗin tantancewa, ya haɗa da hoton katinsa na ɗan ƙasa. Nan na daina dariya. Wanda ya ce kai mai maguɗi ne, sannan ya ce ka biya shi ya manta, ba maguɗin ne ya dame shi ba. Katin nan kuwa da shi ake rajistar layin waya, da shi ake buɗe asusun banki. In ya faɗa hannun da ba ka sani ba, wata rana za a yi ɓarna da sunanka kana gida kana cin tuwo. Iyaye mata, ku da kuke gida da yaran nan muna kan hanya, in kun ji ana zancen biyan kuɗi don a cire kuɗi, ko ana neman hoton kati, ku riƙe wayar har mu dawo.

Na sa shi ya ɗauko biro muka lissafa datar da ya saya a wata ukun. Bai bari mun kai ƙarshe ba, ya ce zamaninmu daban, nasu daban, akwai abokinsa da aka biya. Na ce na yarda, ni ma ina da irin wannan abokin. Kuɗin tantancewar dai bai tura ba, katin ma yana aljihuna. Na ce masa mota na isowa daga Galmi ranar Asabar, ya zo Adjen Kotoku da asuba ya riƙe mini littafi yana ƙirga buhu, zan biya shi a hannu kafin azahar. Ya tambaya nawa. Mun yi ciniki, ya fi ni baki, sai da na ƙara masa sidi goma.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan hanyar Paga.