Likitan da bai rubuta maka Flagyl ba bai cuce ka ba

Akwai ƙorafin da nake yawan ji daga bakin mutanen da ya kamata a ce sun fi kowa sani, malaman jami'a da lauyoyi da ma'aikatan banki. Wai sun kai yaro asibiti yana gudawa, likita ya tsare su da tambayoyi, ya latsa cikin yaron, ya ja fatarsa, daga ƙarshe ya rubuta ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc, ya sallame su. "Ko allura bai yi masa ba." Daga nan sai a zarce kemis, inda yaron shago zai ƙirgo Flagyl da kafson tetracycline ba tare da ya tambayi ko shekarun mara lafiyar ba, a koma gida ana sa masa albarka.

A ganina an yaba wa wanda ya kamata a tuhuma. Gudawa alama ce da cututtuka masu yawa suka yi tarayya a kanta, kuma tambayoyin da suka gundure ka su ne hanyar rarrabe su.

Idan likita ya ce "kwana nawa?", raba gudawar yake yi gida biyu. Wadda ba ta kai kwana 14 ba galibi takan tsaya da kanta, kuma a ƙananan yara bairos ne kan gaba wajen jawo ta, musamman rota, wanda Najeriya ta sanya rigakafinsa cikin jerin na yara a 2022. Flagyl ba ya taɓa bairos, ko kwali guda aka ɗura wa yaro. Wadda ta kai mako biyu kuwa tana sa a yi tunanin ƙwayar cutar giyadiya ko tamowa. Idan babba ne ya haura mako huɗu yana fama, yana ramewa, gudawar na tashinsa daga barci, sai a binciki kanjamau, da kumburin hanji, har da dajin hanji. Wanda ya shafe wata biyu yana sayen magani a kemis lokacin gano waɗannan yake ɓarnatarwa.

Sai kamannin bahayar, tambayar da muke jin kunyar amsawa. Jini da majina atini ne, kuma a nan magani yana da gurbi. Amma ko a nan sai an tantance: Flagyl na kashe amiba, ba ya maganin bakteriyar shigela, wadda ita ce ta fi jawo atini a yara. Bahaya mai kama da ruwan wankin shinkafa, tana zuba babu tsayawa, kwalara ce har sai an tabbatar ba ita ba ce, kuma tana iya kashe ƙato cikin sa'o'i. Shi ya sa likita ke tambayar inda kuke ɗibar ruwa da ko wani a unguwa ya kamu. Amai da ya taso sa'a 1 zuwa 6 bayan cin shinkafar walima yawanci guba ce da ƙwayoyin cuta suka riga suka zuba a abincin, babu abin da ya rage a kashe. Ga kuma magunguna: metformin na masu ciwon suga yana sa gudawa, haka su kansu magungunan kashe bakteriya, domin suna share ƙwayoyin hanji masu amfani. Wato abin da ka sayo don tsayar da ita yana iya tsawaita ta.

Jan fatar nan da ka raina, da leƙa ido ko ya zurma, da taɓa maɗigar jariri, da tambayar yaushe ya yi fitsari, auna ruwan da ya zube ake yi, kuma zubewar ruwa ce ke kisa. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangladash, ruwan ƙari ya ƙare wa Dakta Dilip Mahalanabis ana tsakiyar annobar kwalara. Ya koma shayar da mutane haɗin gishiri da sukari, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka haɗa shi da zinc na kwana 10 zuwa 14 ga yara. Arharsa ce kawai ta jawo masa raini.

Ban wanke likitoci duka ba. Akwai mai duba mutum cikin minti biyu, ya tura shi gwajin Widal, gwajin da aka ƙirƙiro a 1896, wanda sakamakonsa guda ba ya tabbatar da taifot a ƙasar da cutar ta yawaita. Akwai kuma wanda ya yi daidai amma bai yi bayani ba, ya bar uwa da zaton an yi mata rowar magani. Wannan laifi ne, domin ya kamata ta fita ta san cewa jini a bahaya, zazzaɓi mai zafi, kasa shan ruwa ko yawan barci na nufin a dawo a take, kuma a lokacin ne gwajin bahaya ke da amfani. Ya kamata a gaya mata cewa fitar haƙori ba hujjar zama a gida ba ce, kuma tetracycline ɗin da aka ƙirgo mata yana iya rina haƙoran yaro ɗan ƙasa da shekara 8, rinin da ba ya fita.