Wankin ƙoda da ramar jiki: Shin allurar karnitin ce mafita ga majinyatan Kebbi?

Wanda ya jima ana yi masa wankin ƙoda yakan soma rama. Damtse da cinya su zube, ƙafa ta riƙa ɗaurewa a kan na'ura, tashi daga tabarma ma ya zama aiki. A irin wannan hali ne wasu iyalai ke jin labarin wani sinadari mai suna karnitin, ana cewa yana dawo da tsoka.

Akwai gaskiya a tushen maganar. Hanta da ƙoda ne ke samar da karnitin, ana kuma samunsa a jan nama da kifi da madara. Aikinsa shi ne kai kitse cikin ƙwayoyin tsoka domin a ƙone shi ya zama ƙarfi. Idan ƙoda ta gaza, samar da shi yana raguwa, sannan na'urar wanki tana tsame fiye da rabin wanda ke cikin jini a kowane zama. Saboda haka a 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa yi wa masu wankin ƙoda allurarsa ta jijiya bayan an sauke su daga na'ura.

Sai dai cike giɓin da ke cikin jini bai tabbatar da cewa tsoka za ta dawo ba. A 2022 ƙungiyar Cochrane ta tattara bincike sama da 50 a kan majinyata fiye da 3,000, ta ce hujjojin da ake da su ba su kai a ce a riƙa ba kowa ba. An ga ɗan ci gaba a wajen ƙarancin jini, amma a kan kasala da ɗaurewar tsoka bambancin bai taka kara ya karya ba. Ko a Amurka, inshorar gwamnati tana biyan kuɗin allurar ne ga wanda gwaji ya nuna yana da ƙarancin sinadarin, kuma jininsa ya ƙi ƙaruwa duk da magani, ko kuma yana yawan sauka a lokacin wanki.

A Kebbi lissafin ya fi haka tsauri. Ƙa'ida ita ce wanki sau uku a mako, awa huɗu kowane zama. A kan N50,000 duk zama, kusan N600,000 ke nan a wata. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zuwa N12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da na Maiduguri da Azare. Ko a wannan farashin, zama 12 ya kama N144,000, kusan ninki biyu na mafi ƙarancin albashin jihar, wato N75,000. Mutumin Argungu kuma sai ya ƙara kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato, shi da mai jinyarsa.

Majinyacin da ke samun wanki sau ɗaya a mako, dattin da ya taru a jininsa ne ke kashe masa sha'awar abinci, yana kuma cinye tsokarsa. Allurar karnitin ba ta wanke wannan datti, don haka kuɗin da za a cire daga na wanki a saye ta asara ce.

Abin da ya fi sauƙin gyarawa shi ne abinci. Kafin a soma wanki likitoci kan ce a rage nama, iyalai da yawa kuma sai su ci gaba da hanawa har bayan an soma. Alhali mai wankin ƙoda yana buƙatar furotin giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. A garin da ake kamo tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa daga kogin Rima, abin takaici ne majinyaci ya rame saboda tsoron kifi. Ɗanyen kifi da aka dafa ba gishiri da yawa, da farin ƙwai, sun fi kilishi da miya mai tarin dunƙule, amma likita ne zai faɗi adadin gwargwadon gwajin jini.

Ƙwayoyin karnitin da ake tallatawa don rage ƙiba kuwa a yi hattara da su. Kaɗan daga cikinsu ne ke shiga jini, sauran ƙwayoyin cutar hanji ke juya su zuwa wani sinadari da ƙoda mai lafiya ce kawai ke iya fitarwa da kyau. Duk wanda aka kawo wa irin wannan kwalba, ya kai ta sashen wanki likita ya duba kafin ya sha.