Filin Shan Iska Na Wa Ne?

'Yan'uwa talakawa, maza da mata, yau ga wani labari daga birnin Niyok na ƙasar Amurka, wanda ya kamata kowane mai kasa kaya a bakin hanya ya saurara da kunnen basira.

A cikin birnin nan akwai wani filin shan iska da a ke kira Washington Square. Baƙon da ya ratsa ta wurin ba zato ba tsammani sai ya yi kiciɓis da taro: ga mai kaɗa garayar Turawa, ga mai tsalle-tsalle, ga mai ba da dariya irin na 'yan kamanci, kowa ya ajiye hularsa a ƙasa ana jefa masa abin da ya sawwaƙa. Ba ƙofa, ba tikiti. Mai mota da mai dako kafaɗa da kafaɗa su ke tsayawa. To, kada ku ɗauka kyauta aka ba su wannan dama. Ƙwato ta suka yi.

A shekarar 1936 Magajin Garin Niyok, La Guardia, ya hana masu yawo da akwatin kiɗa bin tituna, wai sana'arsu bara ce. Galibinsu matalautan baƙi ne daga Italiya, waɗansu har da ɗan biri mai karɓar kwabo. Abin mamaki, shi kansa Magajin Garin ɗan mutumin Italiya ne. Ashe in mutum ya hau kujera ya kan manta da hanyar gidansu! Ba a janye dokar hana wasa a titi ba sai 1970.

Sa'an nan a 1961 shugaban ma'aikatar filayen shan iska, Newbold Morris, ya ƙi ba mawaƙa takardar iznin da suka saba karɓa domin taruwa a filin nan kowace Lahadi. Hujjarsa wai ana tattake ciyawa, ana jawo mutanen banza. Ran Lahadi 9 ga Afrilu wani mai kantin sayar da littattafan waƙa da kayan kiɗa, Izzy Young, ya ja ɗaruruwan mutane suka shiga filin suna waƙa. 'Yan sanda suka far musu da kulake, aka kama waɗansu. Amma jama'a ba su watse ba, suka yi ta taro, suka kai ƙara kotu. Kafin watan Mayu ya ƙare Magajin Gari Robert Wagner ya sauko, ya buɗe musu filin.

Jama'a, ku duba hujjar nan da kyau. Ciyawa ta fi ɗan Adam daraja ke nan? Kuma wane ne mutumin banza? A bakin manya, duk wanda ba shi da babbar riga mutumin banza ne. Da wannan kalma a ke korar makaɗi, da ita kuma a ke kifar da faifan mai ƙosai da teburin mai tireda, wai ana tsabtace gari. Wanda ya ga an kori mai wasa ya yi shiru, to, ya shafa wa gemunsa ruwa, gama na ɗan'uwansa ya riga ya kama wuta.

Ba mu ce a bar hayaniya har tsakar dare ba. Maƙwabta suna da hakkinsu, mara lafiya yana son barci. Maganin wannan shi ne a yanka lokaci, a keɓe wuri, a zauna da masu sana'ar a ji ta bakinsu. Kulki bai taɓa zama shawara ba.

Mai wasa bai saci na kowa ba. Da guminsa ya ke ci, kuma inda ya tara mutane nan mai gyaɗa da mai ruwan sanyi su ke yin ciniki. Attajiri yana da gidan wasa mai kujerun alfarma, talaka kuwa filin Allah kaɗai gare shi, wanda da harajinsa a ke share shi.

Mutanen Washington Square sun ci nasara domin sun tsaya tare, ba su jira wani babba ya tausaya musu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya haɗa kan talakawa, amin.