Wikki ma ta nemi tsoffin hannu

Ranar da Ahmed Musa ya sake saka rigar Kano Pillars a watan Oktoban 2024, ƙwallo biyu ya zura wa Sunshine Stars. Ko a gidajen kallo da teburan mai shayi na Ƙofar Wambai a Bauchi, inda musun Arsenal da Barcelona ya saba cinye dare, wannan labari ne da ya isa ya juyo da hira kan gasar gida.

Akwai masu cewa ɗan wasa ba ya dawowa gida sai ƙafa ta gaji. Da gaskiyarsu ta wani fanni, domin gudun ɗan shekara 32 ba na ɗan 20 ba ne. Sai dai a dubi abin da Musa ya shigo da shi ɗakin sauya kaya. Shi ne ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, sannan ya bi ta VVV-Venlo da CSKA Moscow da Leicester City da Al-Nassr. Ya ci Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya ƙara wa Iceland biyu a ta 2018. Yaron da ke atisaye kusa da irin wannan mutum yana ganin lokacin da ake sakin ƙwallo, da yadda ake haɗiye fushi idan alƙalin wasa ya busa ba daidai ba. Koci zai iya faɗa da baki, amma gani a fili ya fi shiga kai.

Ba a kansa aka fara ba. Marigayi Rashidi Yekini ya koma Gateway ta Abeokuta a 2005 yana da shekara 41. Brown Ideye, wanda ya ɗaga kofin Afirka da Najeriya a 2013, ya shiga Enyimba a ƙarshen 2024, shekarar da Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato ya dawo Pillars.

To ina Wikki Tourists ta Bauchi? Ƙungiya ce mai tarihi: ta ci kofin ƙalubale na ƙasa a 1998, ta zo ta uku a gasar lig a 2016 a hannun Abdu Maikaba, ta faɗo a 2023, ta sake hawowa a 2025. Ƙungiyar da ta ɗanɗana faɗuwa tana buƙatar mutum ɗaya ko biyu da ba sa ruɗewa idan an fara cin su a waje.

Sharaɗin dai shi ne kada a sayi suna kawai. A gwada lafiyar ɗan wasa, a tabbatar zai iya minti 90, a rubuta kwantiragi, a riƙa biyan albashi kan kari. Idan hukumar ƙungiyar ta yi haka, matasan Ƙofar Wambai za su sami dalilin barin bencin gidan kallo ranar Lahadi, su nufi filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da kuɗin tikiti a aljihu.